Gaban babur ɗina yana bugawa: in ƙara masa tsawo?

Tambaya: Assalamu alaikum. Boxer gare ni, ina kabu-kabu tsakanin Aliero da Jega, lokacin albasa kuma ina ɗauko buhuna daga gona. Yanzu ko ƙaramin rami na faɗa sai gaban ya buga ƙwas, ƙasan inji kuma yana gogar tudu. Wani ya ce a zuba wa shok ɗin baƙin mai mai kauri, wani ya ce a cusa guntun bututu a kan sifirin, wani kuma ya ce in sayi doguwar ƙafa ta wani babur. Wanne ya fi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Cikin shawarwarin nan uku, guda ɗaya kaɗai zan yarda ka ɗauka, wato guntun bututu, shi ma sai da awo. Babur ɗinka ba gajere ya fito daga kamfani ba, zama ya yi saboda aiki. Tsawon da ya rasa shi za ka fara maido masa, kuma sau da yawa idan aka yi haka maganar ƙari ba ta sake tasowa.

Ka fara tabbatar da cewa ƙarar daga shok take fitowa. Ɗora babur a kan dabul jak, wani ya danne bayan har tayar gaba ta bar ƙasa. Tsuguna a gabansa, kama ƙafafun shok ɗin gaba biyu daga ƙasa, ka ja ka tura. Idan ka ji motsi a wuyan babur, kwan da boris ɗin kai ne suka saki ko suka ci, kuma ƙararsu a rami daidai take da ta shok. Juya kan hagu da dama a hankali. Idan yana maƙalewa a tsakiya, kwan ya yi rami, ɗaurewa ba za ta gyara shi ba sai canji. Sannan ka sa mai faci ya auna iskar tayar gaba da geji a gabanka. Irin waɗannan babura wajen 25 a awon geji (PSI) suke so a gaba, amma ana yawan ɗura musu 40 ko fiye wai don kada su yi faci. Taya mai irin wannan iska ba ta shanye komai, duk dukan hanya shok take miƙa wa.

Idan waɗannan lafiya suke, sai awo. Tayar na sama yadda take, auna da tef daga ƙarfen ƙasa da ya riƙe ƙafafun zuwa tsakiyar aksul, kana bin tsawon ƙafar. Rubuta. Sauke babur daga jak, hau ka zauna yadda kake tuƙi, ƙafafunka a kan mataki, wani ya riƙe maka shi daga baya, wani ya sake aunawa. Bambancin lambobin biyu shi ne zaman gaba. Ƙafar ƙananan baburan nan tana da tafiyar milimita 110 zuwa 130 daga miƙewa zuwa ƙurewa, kuma ƙa'ida ita ce nauyin babur da mahayi su cinye kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na wannan tafiya, wato milimita 30 zuwa 40. Idan ka tarar da 55 ko 60, rabin tafiyar ya ƙare tun babur na tsaye, ramin da bai kai ya kawo ba ma zai ƙure ragowar. Ka yi awon sau biyu: sau ɗaya a danna gaban a sake shi ya taso a hankali, sau ɗaya a ɗaga shi a sake shi ya sauka a hankali. Idan sakamakon biyu ya bambanta da milimita 20 ko fiye, ƙafar tana cijewa, ko dai bututu ya lanƙwashe ko an ɗaure ƙafafun a karkace.

Ka ƙara awo na uku da lodinka na gaske. Buhun da ke kan kariya yana bayan tayar baya, saboda haka ɗaga gaba yake yi, ba danne shi ba. Abin da ke danne gaba shi ne kai da buhuna suka tura ka zauna a kan tanki, da buhun da ake gicciyawa a gabanka, da kuma lokacin da ka taka birki dukan lodin ya tunkuɗo gaba.

Yanzu abin da ke cikin ƙafar. Bututun sama mai ƙyalli yana shiga cikin kwanson ƙasa na alminiyom. A ciki akwai sifirin, da wata sanda mai ƙananan huji, da mai, da iskar da ta rage a saman man. Sifirin shi ke ɗaukar nauyi, shi ke yanke tsawon da babur zai tsaya. Mai ba ya ɗaukar nauyin ko kilo ɗaya. Aikinsa hana sifirin saurin shiga da saurin fita, ta hanyar matsuwa ta cikin hujin nan. Shi ya sa duk kaurin man da ka zuba, idan ka sake awon zama lambar ba za ta motsa ba.

A nan shawarar baƙin mai ta faɗi. Hujin sandar girmansa ɗaya ne, ba ya buɗewa ba ya tsukewa. Kamar ƙofar masallaci ce ranar Juma'a: idan jama'a na fita a natse kowa zai wuce, idan aka taso gaba ɗaya sai ta cushe. Idan saurin shigar ƙafa ya ninka biyu, turjiyar mai a hujin tana ninka wajen huɗu. To man shok mai lamba 10 kaurinsa a zafin digiri 40 yana wajen 30 zuwa 37 a ma'aunin kaurin mai, shi kuwa man inji mai lamba 20W-50 yana wajen 150 ko sama, wato ninki huɗu zuwa biyar. Ranar farko za ka ji daɗi, gaban ya daina nutsewa idan ka taka birki. Amma a kan gargada ƙafar ba ta samun damar dawowa kafin tudu na gaba ya iso, sai ta yi ta shigewa kaɗan-kaɗan har ta ƙure, taya na tsalle, hannuwanka na sagewa. Da safiyar hunturu kuwa, lokacin da man ya yi sanyi, kusan ba za ta motsa ba. Wanda ake zubawa daga man juye ya fi muni, domin garin ƙarfen da ke cikinsa yana cin sil, wato robar da ke hana mai yoyo, da cikin kwanso.

Abin da za a zuba shi ne man shok na gaske. A zafinmu na Kebbi, inda Maris zuwa Mayu ake haura digiri 40, kuma ga lodi, ni na fi son mai lamba 15. Idan bai samu ba, jan man giyar mota mai canza giya da kanta, wanda ake kira ATF, ya fi baƙin mai nesa ba kusa ba; kaurinsa kusa yake da lamba 10, kuma tsofaffin littattafan Honda shi suka rubuta a zuba wa ƙananan baburansu. Lambar da ke jikin kwalba ba ɗaya take ba tsakanin kamfani da kamfani, 15 na wannan yana iya zama 10 na wancan, don haka in ka samu wanda ya yi maka, ka riƙe shi.

Yawan man ma yana da aikinsa, kuma shi ne maganin bugun ƙwas da mutane suka fi mantawa da shi. Iskar da ke saman mai sifirin ce ta biyu: a farkon tafiya ba ta da ƙarfi, amma yayin da ƙafa ke kusantar ƙurewa sai ta matsu ta turje sosai. Ƙafar da ta yi wata da watanni tana yoyo ta rasa mai, wurin iska ya yi faɗi, babu abin da zai tare ta a ƙarshe. Kowane samfurin babur yana da adadin mansa a littafinsa; a auna da sirinji, ba da ido ko murfin kwalba ba. Bayan an zuba, a yi ta tura bututun yana shiga yana fita har kumfa ya daina tasowa. Sai a tura shi har ƙasa, sifirin na waje, a zura tsinken awo daga bakin bututu zuwa saman mai. Ƙafafun biyu su zama daidai. Idan an gama komai har yanzu yana ƙurewa a manyan ramuka, a ƙara tsayin man da milimita 10, wajen mililita 5 ke nan a kowace ƙafa. Za a iya maimaitawa sau ɗaya. Fiye da haka iska ba ta da wurin matsuwa, sai matsin ya fasa sil.

Tunda an buɗe, a wanke ciki da kananzir, a bar shi ya bushe. A mirgina bututun mai ƙyalli a kan gilashi. Idan yana rawa ya lanƙwashe, kuma abin da littattafan gyara ke yafewa bai wuce milimita 0.2 ba. Ƙaramar lanƙwasa ana miƙe ta a injin matsi, amma wanda ya yi ƙugu ko fatarsa ta tsage jefarwa ake yi. A shafa shi da farce: tsatsa ko ƙurjin tsakuwa a wurin da sil ke bi zai yanka sabon sil cikin 'yan makonni. A sa sabon sil ɗin mai da na ƙura tare, a mayar da robar nan mai nannaɗe da ke rufe bututu. Matasa suna cire ta don ado, amma ƙurar hunturu da taɓon fadama su ne suke kashe sil a ƙasar nan. Idan man ya taɓa zirarowa har cikin birkin gaba, a canza takalmin birkin, wanki ba ya fitar da mai daga cikinsa. Abu ɗaya ga mai buɗewa: murfin saman ƙafa sifirin na tunkuɗo shi, a danne shi da hannu lokacin da zaren ƙarshe zai saki, kada fuska ta kasance a samansa.

Sai sifirin. A ajiye biyun gefe da gefe, a kuma gwada su da sabo a shagon kayan gyara. Idan sun gajarce ƙwarai, ko ɗaya ya fi ɗaya, a sayi sababbi biyu tare. Masu ja da hannu ko gasawa a wuta don su miƙe ɓata ƙarfen suke yi. Mako guda ya koma inda yake, wani lokaci ya karye a ciki.

Guntun bututu yana aiki, amma ba aikin da ake zato ba. Ba ya ƙara wa sifirin ƙarfi. Matse shi yake yi tun kafin ka hau, sai babur ya tsaya a sama. Kusan milimita nawa ka sa, milimita nawa zaman zai ragu: idan ka auna 50 kana neman 35, guntun milimita 15 kake buƙata a kowace ƙafa. A yanka shi daga bututun ƙarfe ko farin bututun ruwa mai kauri, faɗinsa daidai da na sifirin, bakinsa a miƙe, a sa washa tsakaninsa da sifirin. Na sha buɗe ƙafa in tarar da noti biyu a dama, tsohuwar soket a hagu. Irin wannan shi ke sa babur jan gefe idan an taka birki. Iyakarsa a wurina milimita 20. Dalili kuwa, sifirin yana da inda zobbansa ke haɗewa ya zama dunƙulen ƙarfe. Ƙidaya zobban, ninka da kaurin wayar, ka cire daga tsawon sifirin. Abin da ya rage dole ya fi tafiyar ƙafa haɗe da duk matsin da murfi da guntun suka yi masa. In bai fi ba, sifirin zai haɗe kafin ƙafa ta ƙure, dukan kuma zaren murfi zai sha. Guntu mai tsawo kuma yana kawo wata ƙarar ta daban, ta ƙafa tana bugawa idan ta miƙe bayan tudu. Idan sai ka wuce 20 kafin zaman ya dawo daidai, sifirin ɗin ya yi wa aikinka laushi. A nemi mai waya mafi kauri wanda faɗinsa ya shiga bututun. Yanke zobba yana ƙara ƙarfi da gaske, cire kashi 10 cikin 100 yana ƙara wajen kashi 11, a cike gurbin da guntu, sai dai yana rage tazarar da na ambata, kuma sai an daidaita bakin da dutsen niƙa ba tare da ya yi ja ba. Ba kowane gareji zan ba wannan aikin ba.

Akwai wani ƙaramin bawul da ake ɗorawa a kan sandar mai huji, bayan an faɗaɗa hujin, don ƙafa ta yi laushi a gargada ta kuma turje a birki. Race Tech na Amurka da YSS na Tailan suna yin sa. Yana aiki, amma sai an samu daidai faɗin bututunka, kuma kuɗinsa da na kawo shi ba na babur ɗin kabu-kabu ba ne.

To doguwar ƙafa. Mu yi lissafi. A ce ka ƙara milimita 30. Ƙafar a kishingiɗe take, don haka wuyan babur zai tashi wajen 27. Inji kuwa yana tsakanin tayoyin biyu, kuma bayan bai tashi ba, saboda haka ƙasan inji rabin wannan zai samu, milimita 13 ko 14, kaurin ɗan yatsa. Ga abin da za ka biya. Kowane inci ɗaya, wato wajen milimita 25, da aka ƙara wa ƙafa a babur mai wannan tsawo yana ƙara kwantar da wuya da wajen digiri ɗaya, yana kuma ƙara tazarar da taya ke bin layin wuya daga baya da wajen milimita 6. Gaskiya ne wannan yana sa babur ya miƙe zar a cikin yashi, shi ya sa wasu ke yabawa. Amma kai zai yi nauyin juyawa, nauyi ya ƙara komawa baya, tayar gaba ta rage riƙon ƙasa. A kwanar da ke da tsakuwa za ka karya kai babur ya ci gaba da miƙewa, idan kuma kana hawowa daga kwari da buhuna a kariya gaban zai tashi. Lodinka ya riga ya yi wa babur wannan illar ta hanyar danne baya; doguwar ƙafa ƙara ta take yi. Bayan haka kebur ɗin birki da na sifido sun yi gajere, kuma kebur ɗin birkin da ya miƙe tsaf yana iya kama birki da kansa lokacin da ƙafa ta buɗe a kan tudu. Jak ɗaya zai kwantar da babur fiye da kima, dabul jak ya kasa ɗaga taya, fitila ta koma haska idon mai tahowa.

Ƙarin da ake ɗaurawa a saman bututu da zare yana sa mahaɗa a daidai wurin da ƙarfin birki ke taruwa. Wanda ake yi wa walda kuwa, kada ka hau shi ko kyauta aka ba ka. Ƙafar wani babur kuma ba tsawo kaɗai ake dubawa ba: kaurin bututu, tazarar ƙafafun, kaurin aksul, da wurin da farantin birki ke maƙalewa, duk sai sun dace. Bututun da ya gaza ramin maɗaurinsa da milimita ɗaya aka cike da gwangwani zai zame ranar da ka fi buƙatarsa. Canza wili daga 17 zuwa 18 yana ɗaga aksul da milimita 13 kawai, rabinsa ya isa inji, sifido ya fara ƙarya, taɓo kuma ya cushe tsakanin taya da madigadi da damina.

(Mai neman rage tsawo saboda ƙafarsa ba ta kai ƙasa, ya rage soson sirdi. Zame bututu sama ta cikin maɗaurinsa yana sa kai rawa a gudu, yana iya sa madigadi ya daki ƙarfen wuya, kuma yawancin ƙananan baburan nan murfin ƙafar ne ke ɗaure ta da ƙarfen sama, ba su da wurin zamewar ma.)

Gogar ƙasan inji daga baya za ka magance ta, domin can lodin yake. Shok ɗin baya yawanci yana da matakala biyar a gindin sifirin. Ranar lodi a kai su na huɗu ko na biyar, hagu da dama mataki ɗaya. Idan a mataki na ƙarshe ma taya na gogar madigadi, ko ka danna bayan ya yi ta lilo, sun mutu, a canza biyun. Bayan da ya zauna da milimita 30 fiye da ƙa'ida ya cinye wa inji daidai abin da doguwar ƙafa za ta ba shi, kuma maido shi yana mayar wa tayar gaba nauyinta. In za ka sa shok ɗin baya mai ɗan tsawo, kada ƙarin ya wuce milimita 10 zuwa 15, a kuma daidaita sarƙa kana zaune a kai, saboda tana ƙara ɗaurewa idan baya ya sauka. Mai walda ya yanka maka farantin ƙarfe mai kaurin milimita 3 a ɗaure shi da noti a ƙarƙashin inji, a bar ramin notin juye da ɗan sarari don iska. Ga mai shiga gonakin albasa yana tsallake kunya da bakin kwalbati, wannan farantin ya fi ƙarin milimita 14 amfani.

Wajen haɗawa, ƙafafun su shiga maɗaurinsu tsawo ɗaya. A ɗaure na sama, a sa taya da aksul ba a matse ba, a sauke babur a kama birki a danna gaban sau da yawa don komai ya zauna a mazauninsa, sannan a matse aksul da notukan ƙasa. Kafin a mayar da sifirin, lokacin da aka tura bututu har ƙasa, a yi ɗan ɗigon fenti a inda bakin kwanso ya tsaya. Nan ne ƙurewar tafiya. A ɗaura siririyar robar tif a bututun, a tura ta ƙasa, a mayar da robar rufi. Yi aikinka na yini guda, Aliero zuwa Jega da shiga gona, da yamma ka ɗaga rufin ka duba. Idan robar ta tsaya milimita 10 zuwa 15 kafin ɗigon, ka bar shi haka, sai canjin mai sau ɗaya a shekara bayan damina. Idan ta tsaya nesa ƙwarai, ya yi tauri, a rage man da aka ƙara. Idan kuwa kullum tana kan ɗigon bayan sabon sifirin da mai da gyaran baya, to buhun da ke kan tanki ne, a sauke shi ya jira sawu na biyu.